Takardun injin ɗaga kaya da lif a wurin gini: tambayoyin da ake yawan yi a Akra

Dogayen benayen da ke tashi a Airport City, Ridge, Cantonments da East Legon, hannun 'yan zango na cikinsu. Birkiloli ne, da masu lanƙwasa rodi, da masu walda, da direbobi, da leburorin da ke fitowa daga Nima, Mamobi, Madina da Ashaiman bayan sallar asuba. Wasunsu kuma yanzu sun zama 'yan kwangila da kansu, suna hayar inji suna ɗaukar yara aiki. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin irin waɗannan mutane suke fitowa, kuma duk a kan abu ɗaya ne: takardun da ya kamata su kasance tare da injin da ke ɗaga kaya ko mutane zuwa sama.

Wane irin inji ake magana a kai?

Duk abin da ke ɗaga nauyi daga ƙasa zuwa wani hawa. Akwai injin kaya zalla, mai faranti ko guga, wanda igiyar ƙarfe ke ja. Akwai kejin nan da ke bin dogon ƙarfe mai haƙora a jikin bene, wanda ke ɗaukar kaya da mutane. Akwai kiren, na kafe da na kan mota. Sai lif na dindindin da ake sawa a cikin ginin, wanda zai zauna bayan ma'aikata sun watse. Sarƙa, igiya, ɗamarar ɗaure kaya da ƙugiya su ma suna ciki, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Wace doka ce ta yi maganarsu a Ghana, kuma wa ke kula da ita?

Tushen shi ne dokar masana'antu, ofisoshi da shaguna ta 1970, wadda aka fi sani da Act 328. A cikinta akwai maganar injin ɗaga kaya, lif, sarƙa, igiya da kiren: a ƙera su da kyau, a riƙa gyara su, a riƙa yi musu cikakken bincike lokaci-lokaci, a kuma rubuta sakamakon a ajiye. Hukumar da ke bin diddigin wannan ita ce sashen sufetocin masana'antu, Department of Factories Inspectorate, ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago. Sai dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, wadda sashe na 118 zuwa 121 nata ya ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin lafiyar ma'aikacinsa. Ta fuskar ginin kansa kuma akwai kundin ƙa'idar gini na ƙasa, GS 1207 na 2018, da dokokin gini na 2022, LI 2465, waɗanda suka maye gurbin na 1996.

Wanda ya je aiki ma'adinai, a Obuasi ko Tarkwa misali, ya san can wata duniya ce. Sufetocin hukumar ma'adinai ne ke riƙe da su, da dokokinsu na 2012, kuma sun fi tsanani nesa ba kusa ba. Shi ya sa yaron da ya dawo daga can yakan yi mamakin yadda ake wasa da sarƙa a wuraren gini na cikin gari.

Ina da famit ɗin gini daga asambuli, wato ƙaramar hukuma. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, Alhaji. Famit izinin gina gidan ne a kan wannan fili bisa wannan zane. Bai ce komai ba game da birkin injin da aka kawo jiya. Abubuwa biyu ne daban, hukumomi biyu daban. Idan ma ginin yana kusa da filin jirgin sama kuma za a kafa dogon kiren, akwai izinin tsawo daga hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, shi ma nasa daban.

To waɗanne takardu ya kamata a gani kafin inji ya fara aiki?

Na farko, takardun da suka zo da injin daga inda aka ƙera shi: littafin bayanin yadda ake kafa shi da sarrafa shi da gyara shi, da satifiket ɗin gwajin masana'anta. Littafin nan shi ne ya faɗi nauyin da injin zai iya ɗauka, da tazarar da za a bari tsakanin ƙarafan da ke ɗaure dogon turken da kejin ke bi a jikin bene, da iyakar tsawon da turken zai wuce ɗaurin ƙarshe, da ƙarfin iskar da idan ta kai dole a tsaya. Mai kafa inji ba tare da littafin ba, da ka yake aiki. Idan da Sinanci ko Jamusanci ya zo, a nemi na Turanci wurin dillalin tun kafin a biya kuɗi.

Na biyu, takardar injiniya a kan gindin da injin zai zauna da wuraren da za a ɗaure shi. Mutane suna raina wannan. Kankaren da aka zuba shekaranjiya bai kai ƙarfin da zai riƙe ƙusar ɗauri ba, kuma ƙasar da aka cike da ɓaraguzai ba ta ɗaukar abin da ƙasa ta asali ke ɗauka. Injiniyan ya zama mai rajista, kamar yadda dokar majalisar injiniyoyi ta 2011, Act 819, ta tanada, ya sa hannu ya buga hatiminsa.

Na uku, takardar miƙa inji: wanda ya kafa shi ya rubuta cewa ya gama, ya gwada, ga tsawon da ya kai, ga hawa nawa aka buɗe wa ƙofa, ga ranar. Na huɗu, rahoton cikakken bincike daga wani ƙwararre wanda ba shi ne ya kafa injin ba. Wannan na huɗun shi ne kan gaba a duk takardun, don haka yana da tasa tambayar a ƙasa.

Bayan su sai takardar mai haɗa wuta. Dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011, LI 2008, ta ce sai wanda hukumar makamashi ta ba shaidar ƙwarewa ne zai yi aikin waya. Injin ƙarfe ne tsaye cikin ruwan sama, mutane na dafa shi da jiƙaƙƙen hannu, saboda haka gwajin wayar da ke kai wuta ƙasa ba abin tsallakewa ba ne. Sai shaidar horon mai tuƙa injin, da rubutaccen tsarin yadda za a riƙa lodi da saukewa, da takardar inshora.

Aka miƙo mini rahoton bincike. Me zan duba a ciki? Ni ba injiniya ba ne.

Ba sai ka zama injiniya ba. Ka ɗauki takardar ka taka har gindin injin. A jikinsa, galibi kusa da injin tuƙi ko a cikin kejin, akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga da ƙusa. Sau da yawa siminti da baƙin mai sun rufe shi, sai ka sa yatsa ko tsumma ka goge. A kansa za ka ga sunan masana'anta, shekarar ƙira, nauyin da aka yarda, da lambar injin. Ka karanta lambar nan harafi-harafi, ka gwada ta da wadda ke kan rahoton. In sun saɓa ko da da lamba ɗaya ce, rahoton na wani injin ne. Kamar takardar lafiyar mota ce da ake liƙawa a gilashin tirotiro: ta wannan motar ce, ba a ciro ta a manna wa wata don kawai mai su ɗaya ne. Masu ba da haya da ke da inji uku ko huɗu iri ɗaya sukan yi wannan, wani lokaci da gangan, wani lokaci don yaron ofis ya ɗauko fayil ɗin da ya fi kusa da hannunsa.

Daga nan ka duba wuri. Rahoton ya ambaci wannan filin da kake tsaye a kai, ko kuwa wani gini a Spintex inda injin ya yi aiki kafin a kawo shi? Injin da aka kwance aka sake haɗawa ya zama sabon aiki, binciken can bai bi shi nan ba. Ka duba ranar da aka yi binciken da ranar da aka ce a sake. Ka duba sunan mai binciken, da kamfaninsa, da sa hannunsa, ka kuma tambaya ko sashen sufetocin masana'antu ya san da shi.

Sai ka juya shafi na biyu, inda mutane ba sa zuwa. Nan ake rubuta laifuffukan da aka gani. Wasu an ce a gyara nan take kafin a ci gaba da aiki, wasu an ba su wa'adi. Rahoton da ya ce makullin ƙofar hawa na 4 ba ya aiki, a gyara cikin mako guda, bai zama rahoton lafiya ba sai ka ga wata takardar da ta nuna an gyara, da wanda ya gyara, da ranar. Ni a ganina rahoton da ya lissafa laifi biyu ko uku ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya ce komai lafiya lau game da injin da ya shekara goma yana shan iskar teku.

Duk wata nawa ake maimaita binciken?

Ma'aunin da aka fi bi shi ne na Ingila, inda dokarmu ta samo asali. Dokarsu ta kayan ɗaga nauyi ta 1998 ta ce duk injin da ke ɗaukar mutane a bincika shi aƙalla kowane wata 6, sarƙa da igiya da ƙugiya su ma wata 6, sauran injuna na kaya zalla kuma wata 12. Wanda ya riƙe wata 6 ga keji da lif da kayan ɗauri bai yi kuskure ba.

Amma kalanda ba ita kaɗai ke kiran mai bincike ba. Ana kiransa bayan an kafa inji, da duk lokacin da aka ƙara masa tsawo saboda bene ya ƙaru, da bayan babban gyara kamar canza igiya ko birki, da bayan wani abu ya same shi: mota ta buge gindinsa, kaya sun maƙale, ko guguwar farkon damina ta jijjiga shi. A Akra iskar da ke zuwa gaban ruwa a watan Afrilu da Mayu ba ta sallama. Haka nan injin da ya yi watanni a tsaye saboda kuɗin mai gini sun yanke, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, ba a tashe shi haka kawai ranar da kuɗi suka shigo.

Mene ne gwajin saki da nake ji ana faɗa?

Kejin da ke bin ƙarfe mai haƙora yana da wani birki na musamman wanda ba ya aiki sai kejin ya fara gangarowa da gudun da ya wuce ƙa'ida. A gwajin, ana loda kejin da nauyi, kowa ya fita, a tsaya nesa da na'urar sarrafawa mai doguwar waya, a hau da shi 'yan mitoci, a sake shi. Dole birkin ya cafke shi cikin tazarar da littafin ya faɗa. Ana rubuta sakamakon da ranar. Birkin a rufe yake da hatimin masana'anta, yana da lambarsa da ranar ƙarewar wa'adinsa a jikinsa, kuma makanikin wurin gini ba ya buɗe shi. Dabarar tsohuwa ce: a 1854 Elisha Otis ya tsaya a kan lif a gaban jama'a a New York ya sa aka yanke igiyar, don ya nuna birkinsa zai riƙe.

Haya na ɗauko injin. Takardu ba nauyin mai shi ba ne?

Rabi nasa ne, rabi naka. Shi zai kawo littafi, tarihin gyara, rahoton bincike da shaidar masu kafawa. Kai kuma da ke riƙe da filin, kai ne za ka tabbatar sun zo, ka ajiye kwafi a wurin aikin, ka ga ana duba injin kullum, ka hana a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ku rubuta wannan rabon a yarjejeniyar haya: wa zai kira mai bincike, wa zai biya, wa zai zo in inji ya tsaya, cikin awa nawa. Maganar baka tsakanin 'yan'uwa tana da daɗi ranar ƙulla ta. Ranar da aka kwashi yaro zuwa asibitin Korle Bu, kowa zai tuna ta yadda ta fi masa sauƙi.

Na sayi na hannu da ya shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema, babu ko takarda ɗaya. Yaya zan yi?

In farantin lambar yana nan, akwai hanya. Da lambar da sunan masana'anta ana iya neman littafin wurin wakilinsu ko ta intanet. Daga nan a kira ƙwararre ya yi cikakken bincike da gwajin nauyi, a buɗe wa injin sabon fayil daga ranar. In farantin ya ɓace, ko an shafe shi da fenti an kankare, ba wanda zai iya rantse maka da nauyin da aka ƙera shi ya ɗauka. Irin wannan ko da an gwada shi an sa shi aikin kaya, kada a sa ɗan Adam a ciki.

Littafin duba inji na kullum fa? Ba ɓata lokaci ba ne?

Minti goma ne da safe kafin a fara lodi. Mai tuƙi ya hau da kejin fanko ya sauko, yana saurare. Ya gwada maɓallin tsayawar gaggawa. Ya buɗe ƙofa ya ga ko injin zai ƙi tashi, domin haka ya kamata ya yi. Ya ga ko yana tsayawa da kansa a can ƙarshen sama da ƙarshen ƙasa. Ya dubi igiya ko haƙoran ƙarfe, ya dubi wayar wuta da ke bin kejin ko ta goge a wani wuri, ya dubi shingen gindi. Sai ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu. Sau ɗaya a mako makaniki ya yi nasa duban mai zurfi.

Ana gane littafin ƙarya daga nesa. Shafin fes, babu ɗigon mai, babu shatin yatsa. Biro ɗaya, rubutu ɗaya, an jera alamar lafiya daga 1 ga wata har 30, har da Lahadin da ba a zo aiki ba da ranar sallah. An cika shi ne a zama ɗaya a cikin kwantenar ofis, jin cewa baƙi na tafe. Na gaskiya kuwa ya yi daƙal-daƙal, kusurwoyinsa sun naɗe, wata rana shuɗin biro wata rana baƙi, kuma a wani wuri za ka ga an rubuta cewa ƙofar hawa na 3 tana ƙara, an gaya wa foman. Irin wannan layin shi ne amfanin littafin, domin in ƙarar ta dawo bayan wata biyu makaniki ya san ba yau ta fara ba. Shi ne kuma kariyar mai tuƙin, tunda ya nuna ya faɗa.

Har sarƙa da ƙugiya sai da takarda?

Har su. Kowace tana da lamba ko ɗan alama a jikinta da nauyin da aka yarda mata, kuma akwai rajista inda aka jera su da ranar da aka duba kowace. Manyan wuraren gini sukan shafa musu fenti mai launi ɗaya na wannan zangon, don lebura ya gane da ido wadda aka duba. Sarƙar da ta tsinke aka haɗa da walda ko da ƙusa da noti, da ɗamarar da ta tsage, da ƙugiyar da bakinta ya buɗe ko marfinta ya karye, a yanka su a zubar. In aka jefa su bayan kwantena, gobe wani zai ɗauko.

Ga wani abu da rajista ba za ta koya wa mutum ba sai horo. Igiya mai ƙafa biyu, yadda ƙafafun suka ƙara buɗewa haka nauyin da ke kan kowace ke ƙaruwa. In kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana jan nauyin kayan gaba ɗaya, ba rabinsa ba.

Wace shaida ake nema wurin mai tuƙa inji?

Shaidar cewa an horar da shi a kan irin wannan injin, da takarda daga shugaban wurin aikin mai cewa wane da wane ne kaɗai aka yarda su taɓa shi. A liƙa sunayen a jikin shingen. Lasisin mota ba ya maye gurbin wannan. Kada ya gaza shekara 18, domin dokar yara ta 1998, Act 560, ta hana sa wanda bai kai haka ba aiki mai hatsari. Masta da ya tafi masallacin Juma'a ya bar wa yaronsa mai koyo maɓalli, don kada aikin kankare ya tsaya, ya karya wannan duka a lokaci guda. Mafita mai sauƙi ce: a horar da mutum biyu tun farko, ko a kulle injin a tafi da makulli.

Namu ɗan wunci ne da mai walda ya haɗa, bene hawa uku kawai. Mu ma?

Ku ma, gwargwadon girman abinku. Irin wannan shi ya fi yawa a unguwanni: bututun ƙarfe, kurar da igiya ke bi ta kanta, injin babur ko ƙaramar mota, da guga. Ba shi da littafi ba shi da lamba. Abin da za a iya yi shi ne a samu wanda ya san aikin ya duba walda da birki da yadda aka danne gindinsa, a gwada shi da nauyin da aka auna, a rubuta iyakar a allo da manyan lambobi. A rubuta ta da yaren da masu lodi ke ji, wato buhun siminti nawa. Buhu kilo 50 ne, don haka injin kilo 300 buhu 6 ne, a cire nauyin gugar. A killace ƙasan da kaya ke bi. Kuma a rubuta, a faɗa, a maimaita: ba a hawan mutum. Irin wannan injin ba shi da birkin da zai cafke shi in igiya ta tsinke.

An gama sa lif na cikin gini. Za mu iya amfani da shi mu hau da tayil da fenti?

Sai in kamfanin da ya sa shi ya ba da izini a rubuce, bayan an gwada shi, an faɗi iyakar nauyi, an rufe bangonsa da katako, an sa mutum ɗaya mai kula da shi. Kafin a miƙa shi, lif yana hannun masu sa shi ne. Ƙurar siminti tana kashe makullan ƙofa, kuma amfani ba izini yakan ɓata garanti. Kafin a sa ƙofofi ma, ramin lif kansa yana cikin wurare mafi hatsari a ginin: kowane hawa a toshe bakinsa da shinge mai ƙarfi, kuma duk wanda zai shiga ciki aiki ya karɓi takardar izini, a kashe wuta a sa kwaɗo.

Ranar miƙawa, mai gida ya karɓi fayil: zane, taswirar wayoyi, satifiket ɗin igiyoyi da birki, sakamakon gwaji, yarjejeniyar gyara, da lambar da za a kira in mutum ya maƙale.

In aka ɗauke wuta mutane na sama fa?

Wanda ya zauna a Akra a shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta na 2014 da 2015, ba ya bukatar a gaya masa wannan zai iya faruwa. Shi ya sa ake son rubutaccen tsarin ceto, shafi ɗaya ya isa: wa ya iya sauko da keji da hannu kamar yadda littafin ya nuna, ina makulli yake, wa zai tayar da janareto, wa zai kira 112 ko 'yan kwana-kwana a 192. A liƙa shi a gindin injin, a gwada shi ko sau ɗaya da rana tsaka. Waɗanda ke ciki su zauna, kada wani ya ce zai fito ta rufi ya kama turke ya sauko.

Inshora dole ce?

Ga ginin kasuwanci da ake kan yi, dole ce. Dokar inshora ta 2006 ta fara tilasta ta, ta 2021, Act 1061, ta ci gaba da hakan. Ka karanta ka ga ko ta haɗa da injin haya, da ma'aikatan ƙananan 'yan kwangila, da mai wucewa a titi wanda bulo zai iya faɗo wa. Kamfanin inshora kuma, ranar biya, abin da zai fara tambaya shi ne rahoton bincike da shaidar mai tuƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hatsari ya faru. Wace takarda ce ta farko?

Mutum tukuna, asibiti tukuna. Bayan haka a kulle injin, kada a gyara komai, kada a share wurin, a ɗauki hotuna, a rubuta sunayen waɗanda suka gani. A kwashe littafin kullum da rahotanni a adana yadda suke. Sashe na 120 na dokar ƙwadago ya ce mai ɗaukar aiki ya kai rahoton hatsarin ga hukuma da wuri, kada ya wuce kwana 7. Ana sanar da sufetocin masana'antu da ofishin ƙwadago, in an rasa rai kuma har da 'yan sanda.

Diyya tana ƙarƙashin dokar 1987, PNDCL 187, kuma ta ofishin ƙwadago ake bi, da rahoton likita mai nuna girman naƙasar. A nan ne namu suka fi cutuwa. Ana zuwa gida da ambulan, a yi jaje, dattawa su ce a bar wa Allah, magana ta mutu. Yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙin marayu ba. A karɓi jajen, amma kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta wa mutum ba, kuma kada a yi jinkiri, don neman diyya yana da wa'adi.

Ni leburan baide ne, wanda ake biya kullum-kullum, ban iya karatun boko ba. Ina ruwana da takardu?

Ruwanka ne ya fi na kowa, ɗan'uwa, tunda kai ne a cikin kejin. Sashe na 118 na dokar ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci bayani da horo gwargwadon shekarunsa da iya karatunsa, ma'ana in Hausa ko Twi ko Ga kake ji, da shi za a yi maka bayani. Hular kwano da sauran kayan kariya kyauta ne, ba a cire kuɗinsu daga ladanka. Sashe na 119 kuma ya ba ka damar janye jikinka daga aikin da kake da dalilin ganin zai iya halaka ka, ka sanar da na gaba da kai nan take, kuma doka ta hana a kore ka ko a riƙe maka kuɗi saboda haka. Kowa ya san mai aikin baide yana tsoron a ce gobe kada ya zo. Shi ya sa ya fi kyau ku yi magana ku uku ko huɗu tare.

Amma dokar ta ɗora maka naka nauyin: in an ba ka kayan kariya ka ƙi sawa, kuma wannan kaɗai ya jawo raunin, mai aikin zai iya zamewa. Ka kuma tabbata ana rubuta sunanka a rajistar shiga kowace safiya kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, ba laƙabin da ake kiranka da shi a unguwa ba. Ita ce shaidar cewa kana wurin ranar.

A ina za a ajiye takardun, kuma har yaushe?

A wurin aikin, cikin fayil ɗaya ga kowane inji, inda ruwa ba ya kaiwa. Takardar da ke ofishin kamfani a Osu ba ta amfanar sufeton da ke tsaye a Madina. A saka kwafin rahoton ƙarshe a leda a liƙa a gindin injin, a kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya a tura wa mutum biyu. Rahoton kafa inji yana zama har ranar da aka kwance shi daga wurin. Rahotannin lokaci-lokaci da na sarƙa da igiya a riƙe su aƙalla shekara 2. Littafin masana'anta da tarihin gyara kuwa suna bin injin duk inda ya je, har wurin wanda zai saye shi. In an taɓa yin hatsari, duk abin da ya shafi wannan injin a ajiye shi har a gama shari'a da biyan diyya.